Saniyar da ta bi Ahmadou ba igiya

Da hantsi labarin ya iso unguwar Louis, Mailafiya bai ko gama hura gawayi ba. An kashe Ahmadou, mai gadin garken shanun Alhaji Mahfuz da ke bakin hanyar Ntoum. An same shi rub da ciki a bayan shinge, da wuƙar fawa a gadon bayansa. Wuƙar ta Rabiou ce, mahaucin garken. Jiya kuma, a kan wata saniya, kowa ya ji Rabiou yana ce masa, "Wallahi kai zan kwantar a maimakonta."

Liman ne ya kawo labarin da kansa. Ya sauko daga taksi yana tattare babbar riga saboda ruwan kwata.

"Jandarma sun ɗauki gawa, sun hana yanka," in ji shi. "Sun ce mu miƙa musu mutum kafin gobe da yamma. In ba haka ba su dawo su duba takardun kowa. Ka san rabin jama'armu sejur ɗinsu, takardar izinin zama, ya mutu."

"To ku miƙa shi mana, Allah gafarta Malam. Me ya kawo ka wurin mai tsire?"

"Ina so in yi barci bayan na miƙa shi. Ka je ka duba ƙasa, ka dawo ka ce mana shi ne."

"In ƙasa ta ce ba shi ba ne fa?"

Liman ya kau da kai ya kalli titi.

Mailafiya mutumin Gashuwa ne. Ya yi ƙuruciyarsa a bin sawun shanun sata, daga rugga zuwa kasuwa, har sunansa ya ƙetara iyaka. Ya bar sana'ar lokacin da sawu ya fara kai mutum bakin bindiga. Yanzu gwiwoyinsa sun gaji, idonsa ɗaya hayaƙi ya cinye, yana gasa tsire a ƙofar wata mashaya yana sayar wa mutanen da ba ya gaisawa da su da rana. Naman kuma daga garken Alhaji Mahfuz yake saro shi, kamar kowane mai tsire a garin, don babu mai arahar sa.

Ya watsa wa gawayin ruwa, ya ɗauki sandarsa.

A ɗakin ajiyar tabarmi na masallaci aka kulle Rabiou. Ƙato ne, mutumin Marwa, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa kamar wanda aka sace wa ƙarfi.

"Baba, wallahi ban taɓa shi ba."

"Kowa haka yake cewa. Me ya haɗa ku?"

"Saniya. Sababbin da kamiyo, babbar motar nan, ya sauke. Na jawo wata ja mai farin goshi zan yanka, masu nama suna tsaye suna zagina, sai ga Ahmadou ya rungume wuyanta. Wai kar in taɓa ta. Na ce ta ubanka ce? Bai ba ni amsa ba, kuka kawai yake kamar mace. Shi ne raina ya ɓaci na faɗi abin da na faɗa."

"Ka yanka ta?"

"Ina fa. Wata na jawo. Kai ma ka san bakina, Baba. Ina zagin mutum da safe mu ci tuwo tare da rana."

"Wuƙarka fa?"

"A rumfa take kwana, da ita da takalman robana. Kowa ya san ƙusar da nake rataye su."

"Miƙo ƙafarka."

Rabiou ya miƙo. Mailafiya ya dubi tafin, faffaɗa kamar faranti, yatsun a warwatse. Ya sa shi ya tashi ya je bango ya dawo. Tafiyar agwagwa yake yi, ƙafafu a buɗe.

"'Ya'yana uku, Baba. In suka kai ni can ba zan fito ba."

"Na ji," in ji Mailafiya. Bai yi masa alkawarin komai ba.

Motar Ntoum ta sauke shi a bakin garken rana tana tsaka. Ma'aikata suna zaune a inuwa ba aiki, kowa da nasa zancen. Wani ya ce samarin unguwa ne ɓarayi, ya ja shi ya nuna masa wata ɓaraka a shingen waya. Mailafiya ya durƙusa da ƙyar. Tsatsa ta cinye bakin wayar tun bara, kuma babu abin da ya bi ta wurin sai karnuka.

"Ɓarayinka masu ƙafa huɗu ne," ya ce, ya wuce.

Inda gawar ta kwanta an tattake shi ƙaf, 'yan kallo sun mai da wurin kamar an yi dambe. Ya bar shi, ya koma baya zuwa ƙaramar ƙofar garken. Allah ya taimake shi da abu ɗaya: an yi ruwa mai ƙarfi ya ɗauke kafin asuba, ya wanke jan taɓon tas. Duk abin da ke rubuce a kai bayan ruwan aka rubuta shi.

Ga sawun Ahmadou, silifas ɗin da dugadugansa suka cinye. Ya fita ta ƙofar a hankali. A gefensa na dama, ga kofaton saniya guda.

Mailafiya ya tsaya a nan ya daɗe.

Saniyar da ake ja da igiya tana turjewa, kofatonta na gaba ya nitse. Wadda ake kora da sanda tana karkacewa hagu da dama. Wannan ba ta yi ko ɗaya ba. Inda ya taka take takawa. Inda ya tsaya ya rufe ƙofa, ta tsaya ta jira shi. Dabbar da aka ɗauko daga wata ƙasa, ta sha wahalar mota har cinyoyinta suka goge, ta sauka a garin da ba ta san warin ciyawarsa ba, ita ce take bin mutum kamar ɗa da uwa.

A bayansu ga sawu na uku, takalman roban Rabiou. Amma wanda ke ciki ba ya tafiyar agwagwa. Taku gajere ne, na mutum mai nauyi, ƙafar tana zamewa a cikin takalmin don ya yi mata yawa. Bayan wurin da aka tattake, sawun ya sake fitowa, ya nufi saniyar. A nan ƙasa ta hargitse: kofato ya karta, gwiwar mutum ta dafa taɓo, tafin hannu ma haka. Da sawun ya juya zuwa rumfa, ƙafar hagu jan ta ake yi.

Saniyar, da ma'aikata suka mayar garke da safe, tana nan tsaye a jikin shingen ta ciki, ta ƙi kiwo, ta kafa ido inda Ahmadou ya faɗi. Ja ce mai farin goshi. Kunnenta na hagu yana reto, an yanka shi rabi an bari, ƙudaje sun baibaye jinin. Mailafiya ya yi mata magana ƙasa-ƙasa har ta bari ya kama kunnen. Shaida biyu ce a jiki. Sabuwa, mai faɗi, wadda aka yi don ta cinye ta ƙasanta. Da tsohuwa da ta warke tun tana maraƙa, gefenta ya tsira.

Ya shiga cikin garken yana kama kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Kusan duk sababbin shanun haka suke.

Ya zauna a kan kwamin ruwa. Ba mamaki ya ji ba, gajiya ya ji. Ya baro wannan abu, shanun sata, a can arewa, ya ƙetare ƙasa biyu, ashe abin yana biye da shi a bayan mota, shi kuma yana barbaɗa masa ƙuli-ƙuli yana gasawa.

Direban da ya kawo shanun, Djaïba, ya bar garken tun asuba, shi ya sa wasu suka ce a neme shi. Bai yi nisa ba. Kamiyonsa ya lalace a Ntoum, yana zaune a kan taya yana cin burodi da sardin, makanikai suna ƙarƙashin mota. Siriri ne kamar sanda, ƙafafunsa biyu lafiya lau. Mailafiya ya cire shi daga lissafi tun kafin su gaisa.

"Sun ce kai ka kashe mai gadi ka gudu."

"Da wannan akwalar? Tsoho, ko kaza na kashe da ƙafa za a kamo ni." Ya tura masa burodin. "Allah ya jiƙan Bafillacen nan. Shi ya ba ni dariya ran da na sauke kaya. Shanu suna saukowa, sai ya yi wani irin kira da Fillanci, ai kuwa wata ja ta ratsa 'yan'uwanta ta zo ta sa masa hanci a ƙirji. Na ce kai, ko matarka ce ta biyo ka?"

"Wa ka ba wannan labari?"

"Patron mana, Alhaji, da na je karɓar takardun komawa. Shi bai yi dariya ba ma. Alhazan nan ba su san raha ba."

Mailafiya ya leƙa bayan motar. Kwalaye ne har sama, an rufe da tamfol.

"Me kake mayarwa?"

"Abin da aka loda mini a unguwar Oloumi. Kayan babur, batura, maganin ciwo, fitilun sola, wayoyi."

"Wa kake kai wa?"

"Wani fili a bayan wata kasuwar iyaka. In ajiye mota in tafi cin abinci, in dawo an kwashe an zuba shanu."

"Ba ka taɓa tambaya ba?"

Djaïba ya daina tauna. Ya dubi makanikan, ya rage murya.

"Wanda ya riƙe motar nan kafin ni ya tambaya. Ka ji, tsoho, ni na san fili, na san Alhaji. Mai filin ya san dillali. Dillali ya san wani yaro mai babur. Yaron ya san daji. Kowa mutum ɗaya ya sani a gabansa, ɗaya a bayansa. Haka aka gina abin, don in an kama ka ko an yanka ka ba ka da abin faɗa. Ni direba ne. Sitiyari na sani."

A Oloumi, bayan wani gareji da ake walda, Fadimatou matar Ahmadou take zaune a ɗaki ɗaya, mata sun kewaye ta. Ta shiga takaba. Mailafiya ya tsaya a bakin ƙofa ta bayan labule, ya yi gaisuwa, ƙarar injin niƙa ƙarfe tana cinye rabin maganarsa.

"'Yata, kuna da shanu a gida?"

"Da muna da su, Baffa. A wajen Mora. Mutanen daji suka zo da babura, suka kore su duka, suka kashe ƙanensa da ya bi su. Shi ya sa muka zo nan yake gadin na wani."

"Ya kira ki jiya?"

Ta ce, "Ya kira. Ya ce, Fadi, na ga Wule. Na ce ka sake farawa ko? Don tun da muka zo yake ganinsu. A mafarki, a titi, ko jan buhu ya hanga sai ya tsaya. Na ce ka yi salla ka kwanta. Na kashe waya." Muryarta ta karye. "Na kashe masa waya, Baffa."

"Wace ce Wule?"

"Saniyarmu ce, uwarta ta mutu tana jaririya. Ni na shayar da ita da ƙoƙo a cikin bukkata."

"Yaya shaidarku take?"

"Tsaga biyu a ƙasan kunnen hagu, kamar bakin kibiya."

Mailafiya ya jingina da bango. Gwiwarsa tana zafi.

"Gobe zan turo taksi. Na san takaba kike. Zan gaya wa Liman lalura ce, ran mutum ne a ciki."

Washegari ya riga kowa zuwa garken. Akwai rumfar salla a gefe, hanya ɗaya ce ke kai mutum cikinta. Ya ari tsintsiya, ya share hanyar, ya yayyafa ruwa, ya lallashe ta da allon katako har ta yi sumul. Haka ubansa yake yi a ƙofar fadar dagaci in za a tara waɗanda ake zargi. Ma'aikatan suka ɗauka ladabi yake yi wa manya.

Da la'asar suka zo. Liman, da dattawan 'yan kasuwa, da Djaïba da aka ɗauko daga Ntoum yana gunaguni, da Rabiou a tsakanin mutum biyu. A ƙarshe motar Alhaji Mahfuz ta tsaya. Gajere ne mai jiki, mai fara'a. Shi ya yi wa masallaci rufi, shi ke sabunta wa marasa ƙarfi sejur, shi ya yi alkawarin likkafanin Ahmadou. Ya taho a hankali yana amsa gaisuwa, babbar riga har ƙasa, ba wanda zai ce yana ɗingishi. Da aka tayar da salla ya nemi kujera.

"Sanyin damina ne ya kama mini gwiwa," ya ce.

Bayan sallama Liman ya juyo. "Mailafiya, jandarma suna jira. Shi ne ko ba shi ba?"

"Ba shi ba ne."

Rumfar ta ɗauki guna-guni. Wani dattijo mai shagon atamfa ya ce, "Wuƙarsa ce, takalmansa ne, bakinsa ne ya faɗa!"

"Wuƙa ba ta da ƙafa, Alhaji. Takalmi kuma duk wanda ya zura shi zai tafi da shi." Mailafiya bai ɗaga murya ba. "Wanda ya kashe Ahmadou ya koma ya yanke wa wata saniya kunne. Bai ɗaure ta ba, bai yi mata dabaibayi ba, ya kama kunne kawai ya sa wuƙar aljihu. Rabiou, kai za ka yi haka?"

"Ni? Ko ɗan akuya sai na kayar da shi."

"Duk wanda ya taɓa aikin shanu da hannunsa ya san wannan. Mutumin nan yana da shanu, amma bai taɓa riƙe su ba. Ta make shi a gwiwar hagu, ya faɗi, ya tashi yana jan ƙafa. Ku fito ku ga hanyar da kuka biyo."

Suka fito suka tsaya a gefe. Sawun kowa yana nan a fili. Na Rabiou a buɗe kamar na agwagwa. Na Djaïba dogaye. Da wani gajeren taku, mai nauyi, dama ta taka sosai, hagu ta bar ja a ƙasa kamar an ja ƙaramin buhu. Ya tashi daga ƙofar motar Alhaji, ya ƙare a ƙafar kujera.

Alhaji Mahfuz ya yi murmushi. "Don gwiwata tana ciwo shi ne na zama mai kisa? A kan me zan kashe yaron da nake ciyarwa? In ma saniya ya fita da ita, to sata ya zo yi, Allah ya haɗa shi da wani ɓarawon."

"Ɓarawo da igiya yake zuwa," in ji Mailafiya. Ya ɗaga sanda ya yi wa taksin da ke bakin titi alama.

Fadimatou ta fito lulluɓe, wata tsohuwa tana riƙe da hannunta. Ba ta kalli kowa ba. Ta tsaya a bakin shinge, nesa da shanun, ta ɗaga murya ta yi kira, siririn kira mai ja, irin na mata in za su tatsa.

"Wule! Wuleee!"

A can ƙarshen garken jar saniyar ta ɗaga kai. Ta yi wani kuka da ya sa tsigar jikin mutane tashi. Ta ratso garken tana ture na gabanta, kunnen yana reto, ta zo ta cusa kai ta tsakanin wayoyi har suka karce ta. Fadimatou ta rungume goshin, ta zube a kan gwiwa.

Mailafiya ya kama kunnen ya juya shi, ya nuna wa Liman tsohuwar tsagar a ƙarƙashin sabuwa.

"Mutanen daji suka kore ta daga Mora. Ta sauka a nan da takardu masu hatimi. Ku shiga ku duba sauran. Motar da ta kawo su tana Ntoum cike da kayan babur da magani, za ta mayar. Ahmadou ya gane dabbarsa, Djaïba ya ba Alhaji labari yana dariya. Saniya ɗaya da bakin mutum ɗaya sun isa su tona hanyar duka."

Alhaji ya koma ya zauna a kujerar. Fara'ar ta tafi, sai wani tsoho mai kumburarriyar gwiwa ya rage.

"Na ce masa ya ɗauki biyu a maimakonta," ya ce a hankali. "Na ce zan mayar da su gida shi da matarsa. Ya ce shi ba kyauta yake so ba, so yake ya san wanda ya sayar mini. Zai kai ta gaban hukuma." Ya ɗago ya dube su. "Wa ya sayar mini? Ni na sani? Murya ce a waya, kowane wata da sabuwar lamba. Ta ce karɓi shanu, in karɓa. Ta ce sayi kaza ka loda, in loda. Ta ce ragowar ka biya wa wani kanti a Dubai, ko ka biya wa wani baƙo haya a wata ƙasa, in biya. Ita ma muryar tana da wanda take tsoro, shi ma yana da nasa a ƙetaren teku, masu ba su suna da tuta suna karɓar kasonsu. Ban taɓa riƙe bindiga ba. Uwata da 'yan'uwana suna garin da mutanen nan ke kwana a bayansa. Ran da na ce a'a, a waya za a sa ni in ji."

"Da farko ma tsoro ne, Alhaji?" in ji Mailafiya. "Ko arahar ce?"

Alhaji ya kau da kai daga gare shi. Ya juya ga dattawan. "Ku kuma da kuke kallona, wa ya taɓa tambayar me ya sa namana ya fi na kowa sauƙi? Rufin da kuke salla a ƙarƙashinsa, da me aka yi shi?"

Mai shagon atamfa ya matso kusa da Liman, yana magana ƙasa-ƙasa amma kowa yana ji. "Allah gafarta Malam, a yi tunani. In wannan zance ya fita, ba Alhaji kaɗai zai tafi ba. Za a ce duk Bahaushe da Bafillace a garin nan ɗan ta'adda ne. Za a rufe shaguna. Yaron nan kuwa, in an samo masa lauya mai kyau..."

Rabiou ya dubi dattijon, ya dubi Liman. Zagin ma ya ƙi fitowa.

Liman ya daɗe yana kallon matar da ke durƙushe a jikin shinge. Sannan ya ce, "Ku sake shi." Ya miƙa wa Alhaji hannu. "Tashi mu je, Mahfuz. Ni zan raka ka."

A lokacin waya ta fara ruri a aljihun Alhaji. Ta yi ta yi. Ba wanda ya ce ya ɗauka, shi ma bai taɓa ta ba. Suna tafiya zuwa mota tana ta kuka a cikin rigar.

Abin da dattijon ya faɗa bai zama ƙarya duka ba. An rufe garken, an kwashe shanun, an duba takardu, an mayar da wasu gida. Nama ya yi tsada. A masallaci mutane suka rage amsa sallamar Mailafiya, wasu suna cewa tsoho ya tona abin da ba a sa shi ba. Wule kaɗai aka bar wa Fadimatou bayan doguwar wahala, tana ɗaure a bayan garejin Oloumi tsakanin tsofaffin tayoyi. Rabiou ne yake yanko mata ciyawa a bakin hanya kowace safiya, ba wanda ya sa shi.

Mailafiya ya koma gasa kifi da ayaba. Mashaya ba sa son su kamar tsire, amma suna saye in sun bugu.

Damina ba ta ƙare ba sai ga Rabiou wata yamma a Louis, ɗauke da roba a ka. Ya sauke, ya buɗe. Cinya ce mai kyau, jawur.

"An buɗe sabon garke gaba da Ntoum, Baba. Wani baƙo ne, ba a san shi ba. Ya ɗauke ni aiki. Farashinsa ma ya fi na Alhaji sauƙi."

Mailafiya ya juya kifinsa. "Ka duba kunnuwan?"

Rabiou ya sunkuyar da kai.

"Babu abin dubawa. Tun daga can ake yanke su. Duk guntaye suke saukowa daga mota." Ya ɗago kai. "'Ya'yana uku, Baba."

"Na sani. Ka taɓa faɗa mini."

Mailafiya ya dubi naman, ya dubi kifin da ya fara ƙonewa a gefe ɗaya. Ya ɗauki murfin ya rufe robar, ya tura masa ita da ƙafa.

"Ɗauke. Kai wa na gaba, zai saya." Ya zaro kifi ɗaya ya naɗe a takarda ya miƙa masa. "Wannan na yara ne. Gobe kar ka manta da ciyawar."